Kwana Tara Ina Bin Sawun Zafin Kwamfutata

Kwamfutar tebur ce da na haɗa da hannuna, ta kuma yi shekaru tana mini aiki ban taɓa tambayar lafiyarta ba. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, Ryzen 7 1700X ce, mai cibiya takwas, daga rukunin farko da AMD ta fitar a watan Maris na 2017. Linux nake amfani da shi a kanta, akwai kuma Windows a gefe wanda ba na buɗewa sai ta kama. Abin da ya fara damuna ƙara ce. Fankokin cikinta suka shiga huci ba dare ba rana, ko da rubutu kawai nake yi. A da sai na kasa kunne kafin in ji motsinsu, yanzu kuwa daga bakin ƙofa ake jin su.

Tunanina na farko shi ne zafi ya yi mata yawa. Na sa wata ƙaramar manhaja da ke nuna zafin furosesa a gefen sikirin, sai ga lamba ta fito: digiri 63, alhali ba abin da ke gudana. Gabana ya faɗi. Idan tana zaune ta kai 63, ina ga an ɗora mata aiki? A daren na kashe ta, na cire ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, na goge tsohon man da ya bushe, na shafa sabo, na busa ƙurar da ta maƙale tsakanin haƙoran ƙarfen, na mayar na ɗaure. Da na kunna, lambar ta sauko zuwa 61, ƙarar kuwa tana nan yadda take. Aikin awa biyu, ribar digiri biyu. Ba na nadamar canza man, dama lokacinsa ya yi. Abin da nake nadama shi ne na kama kwance kayan ciki ban tambayi kaina daga ina lambar nan ta fito ba.

Washegari na ajiye ƙaramar manhajar na koma tushe. A Linux kusan duk manhajojin da ke nuna zafi daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, wato wani sashe na kanel (zuciyar Linux ɗin) da ake kira hwmon, kuma hanya mafi sauƙi ta leƙa shi ita ce kunshin lm-sensors. Na buga umarnin sensors. Ƙarƙashin direban k10temp, wato 'yar manhajar da ke karanta zafin furosesocin AMD, layi biyu suka fito: Tctl 61, Tdie 41. Tsakaninsu 20 cif. Na ɗora wa kwamfutar aiki, duka biyun suka hau, tazarar ba ta motsa ba. Na sauke aikin, suka sauko tare, har yanzu 20. Zafi na gaskiya ba ya tafiya da tazara mai tsafta haka. Lissafi ne.

Ashe AMD da kanta ta yi bayanin wannan tun a watan da furosesar ta fito. A kan 1700X da 1800X, ana ƙara digiri 20 a bisa ainihin zafin kafin a miƙa lambar ga babban allo, wato faifan da kayan cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa, domin tsarin juya fanka ya zama iri ɗaya a duk furosesocin rukunin. Tctl lamba ce ta ba fanka umarni. Tdie shi ne zafin da ke jikin silikon. Ƙaramar manhajata ba ta yi ƙarya ba, ta ɗauki layin da ya zo farko ne kawai ta nuna mini. Na shiga Windows na buɗe HWiNFO don in tabbatar, ita ma ta nuna layukan biyu da tazarar nan. Furosesata tana zaune a digiri 41, lafiyarta ƙalau.

Hankalina ya ɗan kwanta, amma tambayar farko ba ta samu amsa ba. In babu zafi, me fankokin ke gudu a kai? Kuma a cikin abin da sensors ya nuna, ko layi ɗaya babu na fanka.

A nan ne na fahimci cewa furosesa ba ta san komai game da fanka ba. Akwai wani ɗan guntu a kan babban allo, ana ce masa Super I/O, shi ke ƙirga juyin fankoki, shi ke auna bolt, shi ke karanta sensocin zafi da aka dasa a jikin allon, shi kuma ke rage wa fanka gudu ko ya ƙara mata. Yawancinsu na kamfanin Nuvoton ne ko ITE. Na gudanar da sensors-detect, ya yi ta jero mini tambayoyi ko na yarda ya taɓa nan, ko na yarda ya taɓa can. Shawarata ga duk wanda zai bi wannan hanya ita ce ya tsaya kan amsoshin da manhajar ta zaɓa da kanta, kada ya ce eh ga komai don gaggawa, domin wasu daga cikin binciken suna taɓa layukan da ba a wasa da su. A ƙarshe ya gano guntun Nuvoton, ya ce direban nct6775 ne ke kula da shi.

Na ɗora direban, ya ƙi hawa. Na duba saƙonnin kanel da dmesg, sai na ga yana cewa adireshin da direban ke so ya ci karo da wani yanki da ACPI, wato tsarin da manhajar babban allo ke kula da wuta da kayan kwamfuta da shi, ya riga ya ce nasa ne. Wannan ya cinye mini kwana biyu, kuma shi ne sashen da na fi ƙaruwa da shi.

Ga yadda abin yake. Ana magana da guntun nan ta ƙofofi biyu: ta ɗaya za ka rubuta lambar abin da kake tambaya, ta ɗayar ka karɓi amsa. Kamar taga ce da mutum ɗaya ke zaune a bayanta, ka miƙa takarda ta dama, amsa ta fito ta hagu. In mutum biyu suna miƙa takarda ba tare da sun san da juna ba, wani zai iya cusa tasa tsakanin tambayarka da amsarka, sai ka tafi da amsar da ba taka ba. Ka tambayi gudun fanka, a ba ka lambar bolt. In karatu kawai kake yi, abin ya tsaya a lambar banza. In kuwa rubutu kake yi, kana iya zuba umarni a gurbin da bai dace ba. To, manhajar da ke cikin babban allon kanta tana iya yin magana da guntun ta hanyar ACPI, ga kuma direban Linux yana son yin tasa. Shi ya sa tun daga kanel 2.6.31, a shekarar 2009, aka tsaurara: in ACPI ya ce wuri nasa ne, direba ba ya shiga. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a son buɗe manhajojin auna zafi biyu ko uku a lokaci guda a Windows, sai dai in sun san yadda za su jira juna.

Akwai hanyar sassautawa: a ƙara acpi_enforce_resources=lax a layin da GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ke miƙa wa kanel. Na daɗe ina juya abin a raina. Ba na son cire kariyar da masu ilimin abin suka sa da dalili, kada garin gyaran gira a rasa ido. Amma in ban cire ba, ba zan ga komai ba. Na yanke cewa zan sa, in fara da karatu kaɗai, ba zan rubuta komai cikin guntun ba sai na ga yadda yake amsawa. Na gyara fayil ɗin /etc/default/grub, na gudanar da update-grub, na kashe na kunna.

Sai lambobi suka zubo kamar an ɓalle famfo. Bolt sun fi goma, wasu da gargaɗi a gefensu. Fanka biyar. Sensocin zafi masu sunaye irin SYSTIN, CPUTIN, AUXTIN0, AUXTIN1. Ɗaya ta ce digiri 127. Wata ta ce 128 ƙasa da sifili. Da a ranar farko na ga 127, da na zare wayar wuta daga bango. Amma Tctl ya riga ya koya mini tambaya. Lambobin nan biyu ba na kome ba ne illa iyakar abin da gurbi mai bit takwas ke iya ɗauka in an bar masa alamar ƙasa da sifili: daga -128 zuwa 127. Guntun yana da ƙafafu da yawa na karɓar sensa, mai ƙera allo kuma ba dole ne ya haɗa dukkansu ba. Ƙafar da aka bari a sake tana karanta iska, sai lissafin ya tafi ƙarshen sama ko ƙarshen ƙasa, wani lokaci kuma ya tsaya a wata lamba da ba ta da ma'ana. Gargaɗin bolt ɗin ma haka: iyakokin sama da ƙasa ba a taɓa saita su ba, suna kan sifili, don haka duk abin da ya wuce sifili laifi ne a wurinsa.

To ta yaya mutum zai raba ta gaskiya da ta bogi? Hanyar da ta yi mini aiki mai sauƙi ce. Na buɗe taga biyu. A ɗaya na sa watch ya riƙa maimaita sensors kowace daƙiƙa. A ɗayar na sa stress-ng ya cika duk zaren furosesa goma sha shida da aiki na minti goma. Na zauna da biro da takarda. Tdie ya yi tsalle nan take, cikin daƙiƙu kaɗan ya wuce 60, saboda sensar tana cikin silikon ɗin. CPUTIN ya bi shi a hankali, yana jan ƙafa, alamar sensa ce da ke kusa da mazaunin furosesa amma ba a cikinta ba. SYSTIN ya ƙaru da digiri uku ko huɗu kawai bayan mintuna, wato iskar cikin akwatin yake ji. Sauran ko gezau. Sensa mai rai tana hawa in aiki ya hau, ta sauka in ya sauka, kuma saurin hawanta yana gaya maka nisanta daga inda wutar take. Wadda ba ta motsi kwata-kwata ba abin da take ji. Na buɗe sabon fayil a /etc/sensors.d/, na ba masu rai sunayen da zan gane, na sa ignore a kan matattun don su daina cika mini ido.

Sai fankoki. Huɗu ne a cikin akwatin: ta kan furosesa, biyu a gaba, ɗaya a baya. Manhaja kuwa layi biyar ta nuna, uku kawai ke da lamba. Biyu masu sifili mazaunai ne da ba a sa musu komai ba, wannan ba wuya. Na bi waya da yatsa, sai na tuna fankokin gaba biyu na haɗa su da waya mai rassa a mazauni ɗaya. Fanka tana sanar da gudunta ne ta wata waya da ke aika bugu biyu a kowane juyi, guntun ya ƙirga ya mayar zuwa juyi a minti. In fanka biyu suka aika bugunsu a layi ɗaya lissafi zai cakuɗe, shi ya sa ake yanke wannan wayar a reshe ɗaya. Ke nan lambar da nake gani ta ɗayarsu ce kawai. Ɗayar ko ta tsaya cak, manhaja ba za ta sani ba.

Lambar gaban nan ita ta tona asiri. Tana kan juyi 1,200 da 'yan kai, aiki ya hau ko ya sauka. A cikin /sys/class/hwmon akwai fayilolin pwm da ke ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, kuma na ga guntun yana ba wannan mazauni umarnin da bai kai rabi ba, amma fankokin ba su ji ba. Dalili yana jikin filoginsu: waya uku ce. Fanka mai waya huɗu tana karɓar bolt 12 ɗinta cikakke kullum, waya ta huɗun ce ke kawo mata siginar PWM, kunna-kashe mai saurin kusan sau 25,000 a daƙiƙa, wanda ke gaya mata nawa za ta yi gudu. Mai waya uku ba ta da wannan kunnen. Hanya ɗaya ta rage mata gudu ita ce a rage bolt ɗin da ke shigarta. In ka sa ta a mazaunin da aka saita a kan PWM, za ta sha bolt 12 ta yi ta gudu iya ƙarfinta, guntun kuma yana ta magana da wayar da babu ita.

Nan take na tuna. Gab da lokacin da ƙarar ta fara, agogon kwamfutar ya riƙa ɓacewa, na canza ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allo. Cire shi ya goge saitunan BIOS, wato manhajar da ke cikin babban allo, har da wanda na yi shekarun baya na mayar da mazaunan nan zuwa rage bolt. Na shiga BIOS na mayar da mazaunan gaba da na baya kan DC, wato rage bolt. Ɗakin ya yi tsit, har na ji kunnena yana neman ƙarar da ya saba.

Da a nan na tsaya da na huta, amma sha'awa ta ja ni na gwada riƙe linzamin fankokin daga cikin Linux. Umarnin pwmconfig yana tsayar da kowace fanka na 'yan daƙiƙu don ya gane wane mazauni ke juya wace, sannan ya rubuta saitin da fancontrol, mai sarrafa gudun fankoki a Linux, zai bi. Ya yi aiki kwana biyu. A na uku bayan na kunna, fancontrol ya ƙi tashi, domin lambobin hwmon ba su da tabbas: abin da yake hwmon2 jiya yana iya zama hwmon3 yau, gwargwadon direban da ya riga hawa. Na yaba da ƙin tashin nasa, don ya fi ya ɗauki zafin wani abu ya juya fankar furosesa da shi.

Yanzu ga inda na yi kuskuren da ya fi kowanne. Tun ranar da lambobin suka fara fitowa, layin fankar baya ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce 700, ya ce 450, ya faɗi sifili, ya dawo. A lokacin murfin akwatin yana buɗe, na ga tana juyawa da idona. Na riga na karanta cewa sassauta kariyar ACPI kan jawo amsoshin banza, sai na ce ai ga shi nan, karon da aka yi mini gargaɗi ne. Bayan na mayar da ita DC, layin ya zauna a sifili ɗungurungum. Zuwa lokacin na ga 127 na ƙarya, na ga -128 na ƙarya, na ga 61 da ba zafi ba, na ga sifili biyu na mazaunan da ba kowa. Zuciyata ta saba da ƙaryata lamba. Na ƙara layin cikin jerin ignore, na rufe murfi, na tura akwatin ƙarƙashin tebur da bayansa a jikin bango.

Kwana uku bayan haka ina wani dogon aiki na matse bidiyo, na lura SYSTIN yana ta hawa bai tsaya ba, ya wuce inda ya tsaya a gwajina da kusan digiri goma. Ma'ajiyar bayanai ta NVMe, wadda kanel ke nuna zafinta a cikin sensors tun daga 5.5, ita ma ta haura 70. Waɗannan sensoci ne da na gwada na tabbatar suna da rai, ba ni da bakin ƙaryata su. Ina ta duba saituna a sikirin, sai ƙanena da ya zo cire wayarsa daga caji a soket ɗin bayan teburin ya ce, "Yaya, wannan fankar ta baya dama ba ta juyawa ne? Na sa hannu ban ji iska ba."

Na jawo akwatin na haska tocila. Tana tsaye cak. Na ture ta da ɗan yatsa, ta juya da nauyi, ta ɗan yi gurnani, ta kama tafiya a hankali, bayan minti ɗaya ta sake tsayawa. Da na kashe kwamfutar na juya ta da hannu, sai na ji tana cijewa, ba ta sulɓi kamar 'yan uwanta na gaba. Gindin da take juyawa a kai ya bushe. Duk fanka tana buƙatar ƙarfi mafi yawa wajen tashi daga tsaye fiye da wajen ci gaba da juyi, shi ya sa ma fancontrol ke da saiti biyu daban, MINSTART da MINSTOP. Wannan da ta gaji, a bolt 12 tana iya tashi da ƙyar tana tuntuɓe, kuma tuntuɓen nan ne lambar ke nunawa tana hawa tana sauka. Da na rage bolt, sai ta kasa tashi gaba ɗaya. Tun farko gaskiya guntun yake faɗa mini. Abin da ya kamata in lura da shi yana gabana: in da karo ne tsakanin direba da ACPI, ba zai zaɓi layi ɗaya ya yi ta lalatawa ya bar sauran ba. Kuma gwajin da zai raba gardama bai fi minti biyar ba, in musanya mazaunin fankar baya da na gaba in ga ko rawar lambar za ta bi fankar ko za ta zauna a mazaunin. Na yi shi daga baya don in cire shakka. Ta bi fankar.

Na sa sabuwa mai waya huɗu, na mayar da mazauninta kan PWM. Na cire fancontrol na bar wa BIOS linzami, domin shi yana aiki tun kafin Linux ya tashi, kuma ko manhaja ta maƙale ba zai saki fanka ba, sannan hakan ya rage rubutu cikin guntun da nake raba ƙofa da wani. Karatu kawai na riƙe. A fayil ɗin saitina na goge ignore daga layin fankar baya, na sa wa kowace fanka mai rai iyakar ƙasa ta juyi 300 don gargaɗi ya fito in ta faɗi, na gudanar da sensors -s don saitin ya hau. Fankokin gaba kuma na raba su, kowacce da mazauninta, tunda akwai biyu a zaune ba kowa, yanzu ina ganin gudun duka huɗun. Ƙaramar manhajar gefen sikirin na nuna mata Tdie.

Na sake gwajin stress-ng, wannan karon na minti talatin da murfi a rufe. Tdie ya tsaya a 64, SYSTIN a 36, NVMe ba ta wuce 50 ba, fankar baya tana kan 900 ba ta rawa. Na zagaya bayan teburin na sa tafin hannuna a kan ragar, iska mai ɗumi tana fitowa.